Ramin fakin da muka tona kusa da tsohon gini a Kaduna

Shekara biyu kenan da aka ba mu gyaran wani tsohon gini na zamanin Turawa nan cikin GRA, irin masu kaurin bangon nan na jan bulo da doguwar baranda. Kun san tun 1917 da aka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru Kaduna ta tara irinsu, ga Lugard Hall nan kowa na gani. Namu ƙarami ne amma shi ma ba a yarda a rushe shi ko a canza masa fuska ba. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta ce duk ginin da aka ayyana a matsayin na tarihi, ba mai taɓa shi sai da izininta a rubuce, don haka kafin mu ɗaga diga sai da muka kammala takardu.

Matsalar ita ce fakin. Ofis za a mayar da wurin, filin gaba kuma tsofaffin bishiyoyin mangwaro ne da ba ma son sarewa. Alhaji mai ginin ya ce shi a Dubai ya ga irin wanda za ka ajiye mota kan faranti ka fita, na'ura ta sauke ta ƙasa da kanta, kuma a ƙarƙashin ginin yake so. Wallahi ni ma abin ya burge ni, na amsa da sauri.

Ranar da muka tona gefen bango don ganin fandisho jikina ya yi sanyi. Babu rodi babu kankare, duwatsu ne kawai aka jera da farar ƙasa, zurfinsa ko ƙugu bai kai ba. Muka fara tallafe shi gaɓa-gaɓa, a tona kamar mita 1 a zuba kankare ya sha iska, a tsallake a koma can gaba, ba a taɓa buɗe biyu a jere. Akwai wani dattijon birkila da muke aiki da shi, shi ya samo ɓallin gilashi ya manna kan wata tsohuwar tsaga a bangon falo, ya rubuta kwanan wata a gefe da gawayi. Kwana 9 na shigo da safe ya kama hannuna ya ce "Injiniya zo ka gani". Gilashin ya tsage, siriri kamar gashi. Na ce Baba me ka gani, ya ce ɗana ginin nan yana motsi, a bar ƙarƙashinsa. A ranar na tsayar da aiki, kuma gaskiya gaya wa Alhaji ya fi komai yi min nauyi, amma Allah ya sa ya fahimta. Muka janye ramin zuwa tsakar gida ta baya, nesa da bango, mota 6 maimakon 12 da aka so.

Sai ruwa. Da rani muka tona, marmara busasshiya ƙayau, kowa na murna. Marka na sauka a Agusta ruwa ya dinga tsattsafowa ta ƙasa ta gefe, safiya ɗaya muka tarar da shi har gwiwa. Dole aka sake shafe bangon ramin da abin hana ruwa, aka yi ƙaramar rijiya a kusurwa da sumo biyu masu zuƙe ruwan, in ɗaya ya tsaya ɗayan ya ɗauka, kuma na dage a ɗora su kan inbata da batir don lokacin da ake tafka ruwa shi ne lokacin da wuta ta fi ɗaukewa.

Ita na'urar kanta sati biyu aka haɗa ta. Abin da na kusa mantawa shi ne nauyin motocinmu, farantin da aka fara kawo mana kuɗinsa tan 2 yake ɗauka, alhali Land Cruiser ta haura haka, sai muka canza tun kafin a yi oda. Mun kuma sa bawul ɗin hannu da za a iya sarrafa farantin in na'urar ta ƙi. Da hunturu ƙura kan rufe idon sensa ta tsaya cak, yanzu maigadi yana goge su da tsumma duk safiya.

Gilashi na biyu da Baba ya manna bayan mun cike ramin farko har yau yana bangon falo lafiya lau, na roƙi masu fenti kar su cire shi.