Shi ya koyar, shi ya jarraba, shi ya buga takarda

Wata uku bayan bikin yaye ɗalibai, wata dattijuwa ta yi sallama a ofishina, 'yarta na biye da ita riƙe da ambulan. Na ce su zauna. Uwar ta ƙi hawa kujera, ta durƙusa a gefen tebur ta ce, "Yallaɓai, ba ƙara na kawo ba. Tambaya ce. Wannan takardar da kuka ba yarinyar nan, ta mece ce?" Na buɗe ambulan. Satifiket ne mai ƙyalli, da tambarin jiha, da hatimi ja, yana shaida cewa mai sunan ta kammala koyon ɗinki na wata tara. Uwar ta ce ta kai ta wajen wani tela a unguwarsu don ta riƙa taya shi aikin azumi, kwana biyu ya dawo mata da ita. Wai ko awo ba ta iya ɗauka ba, balle yanka. Na dubi yarinyar na ce, "'Yata, sau nawa kika yanka yadi a cibiya?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, takardar siminti muke yankawa. Ita ma layi ake yi."

A kan wannan yarinyar gwamnati ta biya cikakken kuɗi. Ni na rubuta sharaɗin da ya sa aka biya.

Ma'aikatarmu na da cibiyoyi uku na koyon sana'a da neman aiki, ɗaya a kowace shiyyar sanata. An gina su, an zuba kekunan ɗinki da injinan walda da kwamfutoci, an yanka ƙyalle, daga nan suka koma wurin shan iskar awaki. Malaman da aka turo daga ma'aikata albashinsu na tafiya ko an koyar ko ba a koyar ba, kuɗin kayan aiki kuwa sai fayil ya zagaya ofis bakwai kafin ya fito. A ƙarshen 2022 aka yanke shawarar a ba wani kamfani ya gudanar da su: gini da injina na gwamnati, malamai da koyarwa da teburin haɗa matasa da masu ɗaukar aiki na kamfani. Aka naɗa ni sakataren kwamiti.

Abin da ya shafi bin ƙa'ida ba mu yi wasa da shi ba. Dokar jiharmu ta sayen kaya da ba da kwangila ta bi sawun ta tarayya ta 2007, kuma mun bi ta daki-daki. Talla a jarida, rajistar hukumar kamfanoni ta CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, ambulan biyu, ɗaya na tsarin aiki ɗaya na farashi, aka buɗe a gaban kowa. Odita ya zo daga baya ya kwana a kan fayil ɗin nan bai sami abin kamawa ba. Wannan ne ma ya fi yi mini ciwo.

Daftarin farko da na gada ya ce a biya kamfani bisa yawan waɗanda aka yi wa rajista. Na tashi tsaye a zaman kwamiti na ce sam. Kowa ya san yadda ake cika rajista a ƙasar nan: kansila ya kawo jerin sunaye, mai unguwa ya kawo nasa, rabinsu ba su san ƙofar cibiya ba. Na dage sai an mayar da kaso mafi tsoka na kuɗin zuwa ƙarshe, a biya "a kan kowane ɗalibi da aka yaye". Babban sakatare ya yaba mini a gaban jama'a. Na koma gida ranar ina jin na toshe kafar ɓera. Ban tsaya na tambayi kaina ba: wa zai ce an yaye? Da wane ma'auni? Babu layi ko ɗaya a takardar da ya amsa wannan. Mun miƙa wa mutum aji, mun miƙa masa jan biro, mun ba shi izinin amfani da tambarin jiha, sannan muka ce masa iya yawan waɗanda ka ce sun ci, iya yawan kuɗinka.

Ba zan zalunci mai kamfanin ba. Watannin farko ya yi aiki. Na je da kaina na ga tartsatsin walda na tashi, na ga yara sun kwance injin babur sun mayar. An sa hannu a farkon 2023, da farashin farkon 2023. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen Yuli ta wuce 600. A watan Yuni aka saki darajar naira, duk abin da ake shigowa da shi ya tashi: rodin walda, wayar lantarki, batir, zare, har allura. Ya rubuto wasiƙa sau biyu yana neman a sake duba farashi. Kwangilar ba ta da saɗarar da ta yi maganar hauhawar farashi, muka amsa masa da cewa yarjejeniya yarjejeniya ce. To, shi ma ya koma ya karanta yarjejeniyar, kuma ya fi mu iya karatu. Ba inda aka ce sai kowane yaro ya yi awa kaza hannunsa a kan inji. Ba inda aka ce yadi nawa ko rodi nawa. Sai janareto ya koma awa biyu a rana, daga baya sai ranar da muke zuwa. Walda ta koma kan allo da alli. Ƙwararrun malaman da ya ɗauko suka kama gabansu, ya cike gurbinsu da tsofaffin ɗalibai.

Mu kuwa masu sa ido, wasiƙa muke aikawa mako guda kafin mu je. Wai ladabin aiki. Mu tarar an share fili an yayyafa ruwa, janareto na ruri, ga lemo mai sanyi a ofishin shugaban cibiya. Mu duba littafin halarta, mu ga sunaye reras da sa hannu, mu rubuta "aiki na tafiya yadda ya kamata". Rahoto huɗu na sa wa hannu da wannan jimlar. Mai gadin ɗaya daga cikin cibiyoyin ya taɓa raka ni har bakin mota ya ce, "Ranka ya daɗe, wata rana ka biyo haka nan kawai mana." Na yi dariya na ba shi na goro. Sai bayan dattijuwar nan ta zo na gane abin da bawan Allahn yake faɗa mini.

Bikin yaye kuwa an yi shi na kece raini. Rumfuna, maroƙa, 'yan jarida, kekunan ɗinki a jere da ledarsu ana raba wa yara ana ɗaukar hoto. Kusan duk wanda ya yi rajista ya sami takarda. A lokacin ban ga abin mamaki a ciki ba, alhali ko a shagon ubangida, inda yaro ke shekara uku yana share ƙasa da sayo shayi, ba kowa ke kaiwa ga yaye ba.

Teburin neman aiki ma haka. Sharaɗin ya ce kamfani zai "haɗa" waɗanda aka yaye da masu ɗaukar aiki, da ɗan ƙarin kuɗi a kan kowane mutum. Da na zauna na bi fayil ɗin ɗaya bayan ɗaya, sai na ga abin da ake kira haɗawa wasiƙar gabatarwa ce. A ba yaro wasiƙa ya kai gareji ko shagon gyaran waya, a ajiye kwafi, an haɗa ke nan. Na kira lambobi talatin daga jerin da wayata. Wasu ba sa shiga. Wani mai gareji ya ce ya tuna wani yaro ya kawo takarda, ya ce masa ya dawo bayan salla. Wasu biyu da aka rubuta an sama musu aiki, ashe a shagon mahaifinsu suke tun kafin su shiga cibiya.

Na ɗauki fayil na tafi ma'aikatar shari'a, jikina na rawa, ina so a ƙwato kuɗin gwamnati. Lauyar da aka haɗa ni da ita ta karanta a natse, ta cire tabarau ta ce, "Malam, nuna mini inda ya saɓa." Na ce ai yaran ba su iya komai ba. Ta ce, "Ina aka rubuta sai sun iya? An ce a yaye, ya yaye. An ce a haɗa, ya haɗa. Wa ya tsara wannan shafin?" Na yi shiru. Ta gane, ba ta ƙara tambaya ba.

Da na zauna da mai kamfanin bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "Yallaɓai, wasiƙuna biyu na rubuto maka. Da na tsaya a kan yadda na fara, da gidana na sayar." Na so in ƙaryata shi, lissafin bai ba ni dama ba. Abin da ban yafe masa ba shi ne buga wa yarinyar da ba ta taɓa yanka yadi ba takarda da tambarin jiha. Amma ni na ba shi tambarin.

Kwangilar ta ƙare, ba a sabunta ba. Aka ce in sake tsara wata, na ce sai an ba ni wata biyu. Abu na farko da na yi shi ne ƙwace jan biron. Masu jarrabawa na nan tuntuni, mu ne muka yi kamar ba mu san da su ba. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya na yin gwajin sana'a, mataki na uku, na biyu, na ɗaya. Hukumar NABTEB na da jarrabawar sana'o'i. Hukumar NBTE da ke Kaduna na riƙe da tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa, inda mai tantancewa ke tsayawa a kan yaro ya ga aikin hannunsa. Muka rubuta cewa "yaye" na nufin cin jarrabawar wata hukuma da ba ta da ko kwabo a cikin kwangilar, kuma ma'aikata ce za ta biya kuɗin jarrabawar kai tsaye, kada ya bi ta hannun kamfani. Kamfani ba zai buga kowace takarda da tambarin jiha ba. Wannan saɗarar sau uku na maimaita ta a wurare daban-daban, lauyar nan ta ce ɗaya ya isa, na ce a bar mini.

Kan maganar aiki, wani abokin aikina da ya yi karatu a Amurka ya nuna mini yadda suke yi a can. Dokarsu ta 2014 ta tilasta a riƙa fitar da gudanar da cibiyoyin neman aiki gasa aƙalla duk shekara huɗu, kuma ba ranar da mutum ya bar shiri ake auna nasara ba, ana duba ko yana kan aiki a rubu'in shekara na biyu da na huɗu bayan fitarsa. Su suna da bayanan albashi da za su duba. Mu yawancin yaranmu a shago da gareji da ɗakin uwa za su yi aikin, ba mai rubuta sunansu a ko'ina. Don haka muka ce wani kaso na kuɗin zai zauna a hannun gwamnati har wata shida, sai ma'aikacinmu ya je da ƙafarsa ya tarar da yaro a bakin aiki, ko nasa na kansa ko na wani, sannan a saki. Mu ke zaɓar sunayen da za a bi, ba kamfani ba.

Shi abokin nawa ya ja mini kunne kan wani abu da ban hango ba. Ingila ta gwada biyan kamfanoni bisa sakamako a shirinta na sama wa marasa aikin yi aiki na 2011, aka yi ta kukan cewa suna tsame masu sauƙin samun aiki su yi watsi da masu wahala. In ka ce sai yaro ya ci za ka biya, kamfani zai ɗebi waɗanda dama sun iya. Sai muka riƙe tantance masu shiga a hannun ma'aikata, muka ware gurabe na mata da na masu naƙasa da waɗanda ba su gama sakandare ba, da farashi mafi tsoka a kansu. Ko wannan ya toshe kafar gaba ɗaya, ni kaina ina shakka. Na taɓa jin daɗin toshe kafa sau ɗaya.

Muka kuma rubuta awannin aikin hannu na kowace sana'a, da kayan da kowane ɗalibi zai ƙona ko ya yanka, da saɗarar sake duba farashi in mai ko canjin kuɗi ya yi tsalle. Wasiƙar sanar da zuwa kuwa na kashe ta. Yanzu in zan je cibiya ko direba ba ya sanin inda muka nufa sai mun fita gari, kuma ban fara shiga ofis. Bayan gini nake zagayawa in duba tulin guntun rodi da ƙyallayen da aka share. Inda ake walda da gaske ba a rasa su.

Wannan duk da tsadarsa. Kamfanonin da suka nema a karo na biyu ba su kai rabin na farko ba, kuma farashinsu ya fi tsada sosai a kan kowane kai. Da kuɗin da muka horar da wancan taron, yanzu kaɗan muke iya ɗauka, cikinsu ma wasu suka faɗi jarrabawa. Kwamishina ya kira ni ya ce, "Malam, wancan karon fili ya cika. Wannan karon me zan nuna wa mai girma gwamna, kujeru?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a kawo yadi da almakashi, a zaɓi duk wadda aka ga dama ta yanka a gabansa." Bai yi dariya ba, kuma na san maganar ba ta yi mini amfani a fayil ɗina ba.

Yarinyar nan na sa an mayar da ita a rukunin farko na sabon tsarin, ba tare da ta sake bin layi ba. Na san son kai ne, akwai ɗaruruwa irinta da iyayensu ba su san hanyar ofishina ba, kuma takardunsu na nan a ƙarƙashin katifa. Ta faɗi gwajin farko a yanka hannun riga, ta ci a na biyu. Tsohon satifiket ɗin nata na roƙe ta ta bar mini. Yana cikin durowata, a saman kwafin shafin da na rubuta "kowane ɗalibi da aka yaye".