Injin niƙa da ke jiran iska

Cikin darussan balaga, wato fasahar magana, da na koyar a wata sakandare ta Sinnar, a Sudan, mutuntarwa ce ta fi gyara mini sana'a. A ba abu marar rai baki da zuciya, ma'anar ke nan, yara kuma kan haddace ta nan take. Gumin sai an ce su rubuta.

Nakan ce su sa injin niƙa mai aiki da iska ya yi magana a baiti huɗu. Galibin ɗalibaina Hausawan Mai Wurno ne da ƙauyukan bakin kogi, ba wanda ya taɓa ganin irinsa. Sai baitocin su fito fanko: injin na murna, injin na kuka, ba gaira ba dalili. Ko kujera aka sa a madadinsa, maganar ba za ta canja ba.

Shi ya sa yanzu da aikin injin nake farawa. Ina ba su labarin Sistan, kan iyakar Iran da Afganistan, inda malamin tarihi Mas'udi ya ambaci waɗannan injina tun ƙarni na 10. Can akwai iskar da ake kira ta kwana 120, mai kaɗawa lokacin zafi. Katangun laka ne ke tattaro ta, su tura ta kan fikafikan da ke kewaye da ginshiƙi a tsaye, ginshiƙin ya juya dutsen niƙa. In iska ta kwanta, aiki ya kwanta, mai injin sai haƙuri.

Nan ajin ke farkawa. Sun ji labarin sakiya, abin ɗebo ruwan ban-ruwa, yadda katakonta ke nishi a bakin Nilu sa na zagaye da ita. Sun kuma san waƙar niƙa, wadda mace ke rerawa a durƙushe, tana amayar da abin da ba ta iya faɗa gaban miji ko kishiya. Wallahi a nan nake ganin idanunsu sun canja.

Wata yarinya ta sa injin ya ce dawar gari duka ta hannunsa take bi, amma bai taɓa ɗanɗana kisra, wainar dawa ta Sudan, ba, hutunsa kuma sai ranar da iska ta gaji. Na tambaye ta inda ta samo wannan.

"Ustaz, innata na tuna," in ji ta.

Na ba ta maki cikakke, na roƙe ta ta ƙara baiti biyu a kan abin da injin ke ji ranar da mata suka zo da hatsi, iska kuwa ta ƙi tashi.