Akwatin da ke kwana ƙarƙashin jirgi

Duk wanda ya shigo wurin aikina karon farko, tambayarsa ɗaya ce: me ake sakawa a waɗannan dogayen akwatuna? Tsawon kowanne ya ɗan haura mita 3, amma faɗinsa da tsayinsa ba su taka kara sun karya ba. Nakan ce masa ɗakin kwanan zanen jirgi ne. Akwai wani ƙaramin jirgin ruwa na wasa da tsere da ake kira katamaran, mai jiki biyu kamar tagwayen kwalekwale, an haɗa su da gungume biyu, an ɗaure tamfol a tsakani don zama. Ba shi da inji, iska ce ke tura shi in ta bugi zanen da ake ɗaga masa. Yawancin masu shi ba sa barin sa a ruwa. Ɗora shi suke yi a tirela su ja da mota zuwa bakin teku ko tafki, da yamma su koma da shi gida. To, jirgin yana da mazauninsa a kan tirela, dogon jigon da ake ɗaga zane a kai shi ma yana da nasa. Zanen iskar kansa, da allunan tuƙi, da rigunan ruwa, da igiyoyi, su ne ba su da wurin sa haƙarƙari. Nan ne abincina yake.

Jirgin da ya fi kawo mini aiki shi ne Hobie 16, wanda Hobie Alter na Kalifoniya a Amurka ya fitar wajen 1970, bayan ƙanensa a girma, Hobie 14, da ya fito a 1968. An ƙera fiye da 100,000 daga cikinsa, shi ya sa ko ina ka je za ka tarar da tsofaffinsa a hannun masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda suka saye shi na hannu. Tsawonsa mita 5 ne da ɗan ɗoriya, faɗinsa wajen mita 2.4, jigonsa mita 8, zannuwansa biyu kuma idan aka haɗa sun kai murabba'in mita 20. Babban zanen yana da siraran sandunan faiba da aka zura masa daga gaba zuwa baya don ya riƙe siffarsa, saboda haka ba ya ninkuwa kamar zanin gado. Naɗe shi ake yi kamar tabarma, sau da yawa har da sandar ƙasansa a ciki. Wannan naɗin shi ke yanke wa akwati tsawonsa. Wanda ya ce zai cusa shi a mota, sai ya kwantar da kujeru, yashi da ruwan gishiri su bi ko'ina, kuma wata rana sai ya karya sanda ɗaya ko biyu wajen rufe but.

Ban fara da akwati ba. Gyaran jikin jirgi na koya a hannun maigidana, Allah ya jiƙansa, mutum ne marar yawan magana, wanda zai bar ka ka yini kana goga da samfefa kafin ya zo ya shafa da tafin hannu ya ce saura. Akwatina na farko a bayan shagonsa na yi shi da ragowar katako, wani abokin cinikinsa ya gani ya saya. Na yi alfahari da shi ƙwarai, domin ko allura ba ta samun hanyar shiga. Na zagaye murfin da roba, na toshe kowace kafa, na shafe shi da baƙin fenti mai ƙyalli. Bayan 'yan watanni mutumin ya dawo da tirelarsa, bai ce komai ba, ya buɗe murfin a gabanmu. Warin ne ya fara dukanmu. Da aka warware zanen, fari ne a da, sai ga shi ya yi ɗigo-ɗigon baƙar fumfuna tun daga sama har ƙasa, zobban ƙarfen da ke kusurwoyinsa sun yi kore. Maigidana ya sa yatsa ya dangwali ruwan da ya kwanta a gindin akwatin, ya nuna mini, ya ce, "Yaro, ka hana ruwa shiga, ka kuma hana shi fita. Ai da ruwansa yake shigowa." Ranar ban iya cin abinci ba. Zanen ya fi akwatin tsada nesa ba kusa ba, kuma aikin hannuna ne ya lalata shi.

Gaskiyar maigida ita ce tushen duk abin da nake ƙerawa yau. Ba wanda ke dawowa daga ruwa da busasshen kaya. Mutum ya gaji, rana ta faɗi, yara suna kuka a mota, naɗe zanen zai yi da danshinsa ya tura. In ruwan teku ne ma abin ya fi muni, domin gishiri janyo laima yake yi daga iska, zanen da ba a ɗauraye da ruwan daɗi ba ba ya bushewa sarai. Yadin Dacron da ake ɗinka yawancin zannuwan nan da shi ba ya ruɓewa da sauƙi, amma fumfuna tana samun abincinta a dattin da ya manne masa, kuma tabonta ba ya fita duka. Zannuwan tsere na zamani kuwa, waɗanda ake manna leda a kan zare, zafi da laima ɓamɓare su suke yi, fallen nan ya rabu da wancan. Baƙin akwati a rana tanda ce.

Saboda haka akwatina numfashi yake yi. Ina huda ƙofofin iska a gaba da baya, masu baki yana kallon ƙasa yadda ruwan sama da feshin taya ba za su samu shiga ba, amma da zarar mota ta ɗau hanya iska na ratsawa daga wannan kai zuwa wancan. Bayan kowace ƙofa akwai raga, domin ɓera yana son naɗaɗɗen zane kamar me, a lokacin sanyi yakan yi sheƙa a ciki ya cinye tsakiyarsa. A gindi ina jera siraran katakai don kaya su zauna a sama da duk ruwan da ya tsiyaye, a kusurwoyi huɗu kuma akwai hudar magudana. Fenti fari ne ko ruwan toka mai haske, ko da mai kaya ya nace yana son ya dace da launin motarsa. Ciki kuma ba kan ƙusa ko ɗaya da ya leƙo. Kafin akwati ya bar hannuna sai na zura tsohon ƙyalle mai laushi na ja shi daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Inda ya maƙale, nan zanen mutum zai yage wata rana.

Wurin da ake gane hannun gwani shi ne haɗin katako. Fallen filawud tsawonsa mita 2.44 ne, faɗinsa 1.22, akwatin kuwa ya haura mita 3. Dole a yi ƙari. Masu kwaikwayon aikina baki da baki suke haɗawa, su ɗora ɗan guntun katako a baya su danna ƙusoshi, fenti ya rufe musu asiri. Tirela kuwa ba ta da tausayi, girgiza take yi a kowane rami, nan da nan haɗin ya buɗe, ruwa ya sami hanya. Ni feƙe bakin kowane falle nake yi a karkace, tsawon feƙewar ninki 8 na kaurin katakon. In kaurin milimita 9 ne, gangaren zai kai milimita 72. Ina bin sa da abin fira a hankali har layukan cikin filawud ɗin su fito a jere, miƙaƙƙu kamar an ja su da rula. In layi ɗaya ya karkace, akwai tudu a wurin, sai an koma. Daga nan a shafa gam ɗin ifoksi a matse su kwana guda. Irin wannan haɗin, in ka karya fallen da gangan, a wani wuri zai karye, ba a kan haɗin ba. Na daɗe ina ɓata katako kafin hannuna ya faɗa. Filawud ɗin ma ba kowanne ba. Na aikin ruwa nake nema, wanda ya cika ƙa'idar BS 1088 ta Birtaniya, mai gam da ba ya sakewa a ruwa, kuma babu rami a tsakanin fallayensa. Kowane yankakken baki sai ya sha ifoksi har ya ƙoshi, domin ta baki katako ke shan ruwa.

Sai maganar ƙarafa, wadda ita ce ke hana ni barci. Hinji, da maƙulli, da noti, duk sitenles, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, mai lamba 316 nake sawa, domin an gauraya masa wani sinadari da ake kira molibdinam wanda ke sa shi jure gishiri fiye da mai lamba 304. Wani dillali ya taɓa aiko mini da kwali guda na hinji yana rantsuwa 316 ne. Na ɗora mayen ƙarfe a kai, sai ji na yi ƙwas, ya kama gam. Ƙarfe ne kawai aka yi wa wankan ƙyalli. Na mayar masa, ya ce ai kowa haka yake saye ba ya ƙorafi. Abin takaicin shi ne mayen ƙarfe ba ya raba 304 da 316, dukansu ba sa kamawa sosai, don haka sai ka ajiye samfuri a ruwan gishiri ka jira, ko ka dogara da amanar mai sayarwa, amanar kuwa ta yi ƙaranci. Hinjin banza ɗaya ya isa ya zubar da jan hawayen tsatsa a kan farin zane, tabon da ba ya wankuwa.

Duk da haka, ba a rasa mai zuwa ya zagaya akwatin, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya ce, "Haba maigida, akwati ne fa kawai. Wancan mutumin rabin kuɗinka yake yi." Nakan ce masa, "Ranka ya daɗe, je ka duba hinjinsa, ka leƙa cikinsa, ka nemi inda iska ke fita, sannan ka dawo mu yi magana." Wasu sun dawo, wasu sai bayan shekara biyu, da akwatin da gindinsa ya kumbura kamar soso. Ba na ƙin mai neman sauƙi, don shi na buɗe wannan sana'a. Akwatunan faiba da kamfanoni ke fitarwa suna da kyau, amma mutumin da ya tara kuɗi da ƙyar ya sayi tsohon jirgi ba zai iya ba. Sauƙina daga tsari yake fitowa: na daidaita awon yadda falle ba ya barin ragowar banza, ba na yin ado, ba na lanƙwasa abin da miƙaƙƙe zai wadatar. Amma ba na rage gam, ba na rage ƙarfe.

Wanda aljihunsa bai kai ko wannan ba, nakan gaya masa gaskiya ya nemi babban bututun roba na magudanar ruwa, mai faɗin inci 12, wato wajen santimita 30. In ya samu mai tsawon mita 6, shi da abokinsa su raba biyu. Na yi masa murafu, na huda masa magudana, ya shafe shi da farin fenti domin rana tana busar da irin wannan robar har ta riƙa tsagewa. Zane da sandarsa za su shiga lafiya lau. Allunan tuƙi da rigunan ruwa ne dai za su ci gaba da kwana a mota. Alminiyam kuma ina yi wa mai so, ba shi da nauyi, ba ya ruɓewa, sai dai duk inda notin sitenles ya taɓa shi ga ruwan gishiri, alminiyam ɗin ne ke cinyewa ya zama farin gari, don haka sai an raba su da ɗan zoben roba ko man da aka yi don hakan.

Ɗaura akwati a tirela ba na yarda a yi shi a bayan idona. Wurinsa tsakanin jikin jirgin biyu ne, ƙarƙashin tamfol, kuma a nan ne masu gaggawa ke faɗawa rami. A ƙarƙashin gungumen gaba akwai wani ɗan ƙarfe da ke leƙowa ƙasa, wanda ke taimaka wa gungumen ɗaukar nauyin jigo. In ba ka auna da jirgin a kan tirela ba, ranar da aka turo shi sama wannan ƙarfen zai fasa murfin. Murfin sama ma ba ya buɗuwa sosai in jirgi na bisa, shi ya sa nake ƙara ƙofa a ƙarshen baya, a zaro zane kamar ana zare takobi daga kube. Ba na huda jikin tirela, domin huda tana karya rufin da ke kare ƙarfen daga tsatsa. Lanƙwasassun ƙusoshi masu noti biyu nake rungumo shi da su, da roba a tsakani. Nauyi kuma sai an lura: abin da aka fi bi shi ne wajen kashi 10 cikin 100 na nauyin tirela da kayanta ya sauka a kan ƙugiyar mota. In akwati ya ja baya da yawa, tirela takan fara kaɗa wutsiya a kan babbar hanya, abin da ba na yi wa ko maƙiyina fata. Ma'aunin nauyi nake sawa ƙarƙashin wuyan tirelar, mu loda kayan mutum na gaske, mu matsa akwatin gaba ko baya har awo ya zauna, sannan na ɗaure.

Kwanan baya wani dattijo ya shigo da tirela, ɗansa na tuƙi. Tun daga nesa na gane akwatin, na farko-farkon da na yi bayan na bar gidan maigidana ne. Fentin ya koɗe, roba ta bushe, kwaɗon ma an canza shi. Ya ce jirgin ya zama na yaron yanzu, yana so a sabunta masa. Na durƙusa na bi haɗin da yatsa, ban ji inda falle ya ƙare wani ya fara ba. Na buɗe ƙofar baya na sa hanci, ƙanshin busasshen katako ne da ɗan gishiri. Yana can kan benci yanzu, na goge shi, na canza masa raga da roba, gobe in Allah ya kai mu zai sha fenti na biyu.