Bakan Mitchell ɗina ya rufe yau, bayan wata biyu

'Yan uwa masu tara tsofaffin injinan fatsa, ku taya ni murna. Ɗazu bayan la'asar na juya hannun Mitchell 300 ɗin nan, injin naɗe zaren fatsa, bakan waya da ke kama zaren ya ce ƙas, ya rufe da kansa. Sau nawa na buɗe na sake juyawa don in ƙara jin ƙarar, har maiɗakina ta leƙo ta ga ko lafiya.

Wanda bai ga bayanina na baya ba, a Kamba na tsince shi wajen 'yan gwangwan, cikin tarin tsofaffin kwaɗuna, naira dubu huɗu. Ƙirar garin Kulus ne na Faransa, kuma babu sunan Garcia a jikinsa, kamfanin da ke kai su Amurka a wancan zamanin, shi ya sa nake kyautata zaton ta Gaya ya ƙetaro mana daga Nijar. Bakansa cikakke ne, ke nan ba ya cikin 'yan fari. Waɗancan rabin baka gare su, domin a lokacin kamfanin Hardy na Ingila ne ke riƙe da haƙƙin ƙera cikakken baka tun 1932.

Wankin ciki bai ba ni wuya ba. Kananzir, tsohon buroshin haƙori, sabon giris. Ku dai lura da siraran washoshin tagullar nan da ke ƙarƙashin giyoyi, kowace ta koma inda ta fito.

Sifirin ɗin baka ne ya kusa sa ni furfura. Na tarar da shi a karye, sai na yi odar sabo daga waje. Da kuɗin aike da canjin dala, dubu goma sha tara ya ci, kusan ninki biyar na kuɗin injin, a kan wayar da ba ta kai farcen ɗan yatsa ba! Na jira sati biyar. Da ya iso na kwana uku ina fama, in na sa ƙafa ɗaya a raminta sai ɗayar ta fitsare, sau biyu yana tsalle ina laluben sa a ƙarƙashin tabarma. Ashe na 301 aka turo mini, na bahagwai. Komai nasa a juye yake, har naɗin sifirin. Haushin kaina na fi ji, don da na ɗora shi kusa da karyayyen tun ranar farko da na gani.

Wani dattijo mai gyaran keken ɗinki a Birnin Kebbi ne ya fid da ni. Ya juya shi a tafin hannu ya ce, “Ɗana, wannan ai hagu aka naɗa shi, kai kuma dama kake nema.” Ya samo wayar sifirin mai kaurin daidai, ya naɗa a jikin ƙusa. Na farko ya karye, na biyu ya yi sanyi, na uku ne ya zauna. Na ce, “Baba, nawa zan bayar?” Ya ce in kawo ɗari biyar.

Abokaina na Argungu suna ta yi mini tsiya, wai da homa da gora ake kama giwan ruwa a Matan Fada, ni ina nan ina lallashin ƙarfen Bature. Wani kuma ya ce in fesa masa sabon baƙin fenti. Ba zan fesa ba, wurin da ya goge a ƙafarsa yatsun mai shi na farko ne suka cinye shi. Ranar Asabar zan naɗa zare in sauka Yauri, in ga ko sifirin ɗin Baba zai jure jifa.