Kiɗan jaz a shagon ɗab'i, da abin da ma'aikatana suka ce

Sana'ata ɗab'i ce da aikin kwamfuta a nan Samaru Zariya, ba wani babban kamfani ba ne, shago ne ciki biyu, gaba inda ake taifin da zane da karɓar kwastomomi, baya kuma inda injin buga takarda da injin yanka da teburin baindin suke. Duk wanda ya san Samaru ya san jami'ar Ahmadu Bello ce ke riƙe da kasuwar irinmu, in ɗalibai suna nan to muna nan, in an tafi hutu sai a hankali, yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ASUU na 2022 da ya kai wata takwas kuwa ba ma son tuna shi, da yawa cikin abokan sana'a a lokacin suka sayar da firintocinsu. Shekararmu a rabe take, akwai lokacin firojek inda 'yan aji na ƙarshe ke cika mana shago kowa na cewa gobe zai kai wa sufabaiza, akwai lokacin katin biki bayan salla da kuma Disamba, akwai kalanda a ƙarshen shekara, sai fosta in siyasa ta kankama.

Abin da mutane ba su gane ba game da wannan aiki shi ne kuskure ɗaya ke cinye ribar sati. Katin biki ɗari biyar, ka rubuta sunan amarya ba daidai ba ko ka sa Asabar alhali ranar Lahadi ce, shikenan takarda ta tafi, tawada ta tafi, fileti wato farantin da ake ɗora wa inji ya buga aikin ya tafi, kuma uwar amarya ba ruwanta da cewa ai an nuna wa ɗanta ya ce ya yi. Haka bangon firojek, sunan ɗalibi da lambarsa da ruwan zinare ake buga su a kan bango mai tauri, in harafi ɗaya ya kauce ba ya goguwa, sai dai a ɓalle bangon a sake sabo. Don haka ni a wurina duk abin da zai raba hankalin mai taifin ko mai duba rubutu ba ƙaramin abu ba ne, har da abin da ke shiga kunnensa.

Da can ba mu da wannan matsalar saboda janareto ne ke mana kiɗa daga safe har dare, ko magana sai ka ɗaga murya. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 fetur ya fi ƙarfinmu, sai na daure na haɗa sola da inbata don ɓangaren gaba, kwamfutoci da ƙananan firintoci da fanka, injin baya dai har yanzu sai NEPA ko babban janareto. To da shago ya yi tsit sai kowa ya fara cika shirun da abinsa, wannan ya kunna waƙar fim a waya, wancan ya kunna shirin siyasa a rediyo, kafin ka ce me kwastomomi sun shiga musu kan gwamna, mai taifin ta tsaya tana sauraro hannunta a kan kibod. Har akwai ranar da ɗalibi ya dawo da babi na biyu yana dariya, wai ya tsinci kalmar da ba tasa ba a tsakiyar jimla, da muka duba ashe daga amshin waƙar da ake sawa ranar ta faɗo, kunne ya ji yatsa ya buga.

Sai na ce to sifika ɗaya za a riƙa amfani da ita, kuma ni zan zaɓi abin da za a sa, na fara sa jaz wanda dama ni nake ji a mota. Kiɗan baƙaƙen fatar Amurka ne, ya taso daga birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20, kuma yawancin wanda nake sawa babu waƙa a ciki sam, fiyano ne da ganga da wannan babbar molon da ake kaɗawa a tsaye, wani lokaci da ƙaho ko saksofon.

Mai taifin ɗinmu ce ta fara magana, bayan kiɗa ya yi kamar minti biyar ta ɗago ta ce, Oga wai yaushe za a fara waƙar ne? Na ce ai waƙar kenan. Ta ce a'a, ita fa tun ɗazu jira take mai waƙa ya shigo, wannan ai share fage ne. Gaskiya na fahimce ta, mu a wurinmu kiɗa rakiyar magana yake yi, makaɗi na nan ne don mawaƙi ya faɗi abin da zai faɗa, ko yabo ko zambo ko wa'azi, kiɗa zalla sai ka ji kamar an manta da wani abu. Amma ita ce kuma ta fara sauka daga ra'ayinta, ba don ta fara son kiɗan ba, har yau in ka tambaye ta za ta ce ba ta gane kansa ba, cewa ta yi shi kaɗai ne ba ya ja mata hankali in tana kwafar rubutun hannun ɗalibai, wanda wani sai ka rantse da ƙafa ya rubuta. Sharaɗinta ɗaya, kar a sa mai saksofon ɗin da ke gudu yana ihu, wai wannan ji take kamar ana faɗa a bayan shago. Fiyano a hankali take so. Kuma ta gano da kanta cewa jaz mai waƙar Turanci ya fi waƙar Hausa ɓata mata aiki, tunda firojek da Turanci ake rubuta shi, kalmomin sai su riƙa cakuɗewa.

Yaron da ke mana zane a manhajar CorelDraw kuwa har yanzu bai yafe mini ba. Shi ɗan zamani ne, kiɗa in bai girgiza tebur ba bai san an kunna ba. Ya ce wannan ai kiɗan da ake sa maka ne in ka kira banki aka ce ka jira, wata rana kuma ya ce na mayar da shago falon otel saura a kawo shayi. Ya ce barci yake sa shi, ni kuma na lura ba kiɗan ba ne, kwana yake yana kallon ƙwallo. Amma dai yana da gaskiyarsa ta wani fanni, aikinsa ba na kalma ba ne, launi ne da hoto da tsari, in yana cire bayan hoton ɗan takara ko yana daidaita furanni a katin biki waƙa ba ta hana shi komai, sai in an zo rubuta sunaye. Don haka shi na bar shi da iyafis ɗinsa, da sharaɗin in zai shigar da suna ko kwanan wata ya cire, kuma dole wani ya karanta da ƙarfi a gaban mai kati kafin a fitar da fileti.

Wanda ya fi ba ni mamaki dattijon da ke mana baindin ne, Baba muke ce masa, ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma ya yi aikin ɗab'i tun lokacin da ake jera haruffan dalma da hannu. Na ɗauka shi zai fara cewa a kashe. Yana cikin ɗinke firojek da allura da zare, ya shafa gam a gindin ya ɗora nauyi, sai ya ce ai ya san wannan kiɗan, a samartakarsa yana kama shi da dare a sashen Turanci na Muryar Amurka, wani mai magana a hankali ne ke gabatarwa, wato Willis Conover wanda ya fara shirin tun 1955. Shi ne ma ya yi wa sauran bayanin da ni na kasa yi. Ya ce ku saurara da kyau, da farko duk suna kaɗa abu ɗaya tare, sai kowa ya fita shi kaɗai ya yi nasa yawon yana ƙirƙira nan take, sauran na riƙe masa gindi, in kowa ya gama sai su koma inda suka fara su rufe, ya ce ba haka Shata yake yi ba, amshi na nan daram shi kuma yana zuba baitin da bai taɓa yi ba daidai da wanda ya gani a gabansa? Daga ranar yaron zane ya rage tsiya, ba don ya yarda ba, don dai ba a musu da Baba.

Maganar Baban ce ta sa na ba su labarin da na san zai tsaya musu a rai, cewa kiɗan nan ba baƙon garin nan ba ne kamar yadda suke zato. Yusef Lateef, ɗaya daga cikin manyan masu busa na Amurka, musulmi, ya zauna a nan Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta jami'ar nan tamu, kuma abin da ya fi mayar da hankali a kai shi ne sarewar Fulani. Ya rasu a 2013. Kafin shi Louis Armstrong ya zo Najeriya a 1960, akwai hotonsa da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna suna dariya. Na nemo hoton na nuna musu a kwamfuta, mai taifin ta ce to in dai har Sardauna ya zauna da shi ai shikenan. Da na sa musu busar Lateef, wadda yake yi da wani abin busa mai siririyar murya, Baba ya ce wannan ai ƙanin algaita ne, kuma kusan hakan ne don bakin busarsu iri ɗaya ne.

Shi kuwa mai injin ba ruwansa da tarihi, ya ce kar a kuskura a kai masa sifika baya, ko jaz ko ma mene ne. Injinmu tsohon Heidelberg Kord ne na Jamus, kala ɗaya yake bugawa a lokaci guda, don haka aikin kala sai takarda ta bi ta ciki sau huɗu, shuɗi, ja, rawaya, baƙi, kuma kowane zagaye dole ya hau daidai kan na baya in ba haka ba fuskar mutum ta fito biyu. Shi da kunne yake aiki, yana tsaye yana duba tawada a rola amma kunnensa na kan yadda injin ke tsotsar takarda yana miƙawa, in ya ɗauki biyu a haɗe ko takarda ta karkace sautin na canzawa kafin ido ya gani, nan take zai tsayar. Ya ce min Oga ni ina da nawa kiɗan. Ban ƙara tayar da maganar ba.

Sai ɗayan yaron, mai karɓar kuɗi da fotokwafi, ustazu ne, ya same ni ni kaɗai bayan an tashi, cikin ladabi ya ce Yallabai shi fa a fahimtarsa kayan kiɗa ba su halatta ba, ko da waƙa ko babu, kuma ba ya jin daɗin zama a ciki. Ban tsaya jayayya da shi ba, ni ba malami ba ne kuma maganar malamai ma sun daɗe suna tattauna ta, sannan yaro ne mai amana wanda ko naira biyar ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba, ba zan rasa irinsa saboda fiyano ba. Abin da muka yi, aka ɗauke sifikar daga saman kantar shago aka mayar can lungun masu taifin, aka rage ta yadda in kana bakin ƙofa da kyar za ka ji, teburinsa kuma dama kusa da ƙofa yake ga ƙarar injin fotokwafi. Da safe har zuwa goma karatun Alƙur'ani ake sawa ko a bar shago shiru, in an kira salla a kashe, ranar Juma'a ba a kunnawa, azumi kuwa gaba ɗaya babu, tafsiri ake ji. Ya ce ya gode, ban ce ya gamsu ɗari bisa ɗari ba amma muna zaune lafiya.

Kwastomomi kuma kowa da nasa. Malaman jami'a wasu sukan tsaya su tambayi wa ke busawa, akwai wanda ya zo karɓar takardun taro ya zauna har kiɗan ya ƙare. Wata hajiya da ta zo katin bikin 'yarta, da na faɗa mata kuɗi ta kalli sifikar ta kalle ni ta ce dama tun da na ji wannan kiɗan na Turawa na san za ku yi tsada, na ce Hajiya takarda ce ta yi tsada, kuɗin da muke sayen rim ɗin takarda da can ba shi ne yanzu ba, kuma masu kiɗan ma baƙaƙe ne irinmu. Ba ta yarda ba sai da na rage mata.

Yanzu rigimar da ake ciki ita ce ta ranar Asabar, yaron zane ya kafe sai an ba shi rana ɗaya ya sa nasa a sifika tunda shi ma ma'aikaci ne, na ce na ji, daga la'asar in babu firojek a ƙasa. Mai taifin ta ce to ita duk ranar da ya karɓi sifika kar wanda ya kawo mata katin biki ta duba, ya duba abinsa da kansa, in an samu kuskure a cire a albashinsa. Shi kuma ya ce bai yarda da wannan sharaɗin ba, Baba ya ce su bari sai bayan an gama aikin kalanda a zauna.