Neman Olibin Daga Gusau: Inda Na Kai a Wata na Takwas

'Yan'uwa abokan koyo, yau wata takwas ke nan da na fara tara duwatsu a cikin wani tsohon akwatin katako a zauren gidanmu da ke Gusau, kuma sai a makon jiya ne na riƙe dutsen da zan iya rantsuwa cewa akwai olibin a cikinsa. Kafin wannan, sau uku ina rubuta sunan a jikin takarda, ina manna wa dutsen da ba shi ba ne. Na ga ya dace in zayyana muku yadda kuskuren ya faru, domin na san da yawa daga cikinmu a Zamfara da Kebbi da irin kayan aikina suke fama: madubin hannu mai ƙara girma sau 10, da wuƙa, da ɓallin gilashin taga, da ƙaramin maganaɗisu, da guduma.

Ga wanda bai jima da shigowa cikinmu ba, olibin ma'adini ne da ya ƙunshi maganiziyam da baƙin ƙarfe da silika (sinadarin da ya fi yawa a cikin yashi), kuma ya samo sunansa daga launin ɗanyen zaitun. Taurinsa a ma'aunin Mohs yana tsakanin 6.5 da 7, saboda haka yana karce gilashi, wuƙa kuma ba ta yi masa komai. Wanda ya fito garau har ya isa a yi ado da shi shi ne Larabawa ke kira zabarjad, kuma akwai tsibiri a Bahar Maliya, a ɓangaren Masar, da ke ɗauke da wannan suna saboda daɗewar da aka yi ana haƙo shi a can. Abin da ya fi ba ni mamaki a farkon karatuna shi ne cewa wannan ma'adinin da nake wahalar nema shi ne ya fi kowane yawa a ƙarƙashin ɓawon duniya, har zuwa zurfin kilomita 410, amma a doron ƙasarmu nan sai an yi da gaske kafin a gan shi.

Dutsen farko na tsince shi ne a tarin tsakuwar da aka sauke don ginin wani maƙwabcina. Giranit ne mai fari da ja-ja, irin wanda ya cika wannan yankin, dangin Dutsen Kwatarkwashi, sai ga wata jijiya mai launin kore-kore ta ratsa shi. Na gwada ta a gilashi ta karce, nan take na yanke hukunci. Sai da na koma ga littafi na gane cewa na tsallake tambayar da ta kamata in fara yi, wato wane irin dutse ne wannan ma'adinin yake zaune a ciki, kuma su wane ne maƙwabtansa. Jijiyar nan tana manne da kwaz, farin ma'adinin nan mai ƙyalli kamar gilashi, olibin mai yawan maganiziyam kuwa ba ya zama wuri ɗaya da kwaz. Dalilin yana cikin bayanin da masanin nan ɗan Kanada, Norman Bowen, ya yi a 1922 kan yadda ma'adinai ke daskarewa bi da bi idan narkakken dutse yana hucewa. Olibin ne ke fara fitowa tun zafi yana kan ganiyarsa, domin nau'insa mai zallar maganiziyam sai a digiri 1,890 na ma'aunin Celsius yake narkewa, sannan fairoksin ya biyo, sai amfibol, sai baƙar maika, kwaz kuma can a ƙarshe. Idan silika ta yi yawa a cikin narkakken dutsen, tana cin olibin ɗin da ya riga ya fito ta mayar da shi fairoksin, don haka duk inda silika ta yi rarar da har ta zama kwaz, olibin ya riga ya ƙare. Abin da na tsinta efidot ne, wanda korensa ke da ratsin rawaya, yake fitowa a tsattsaye kamar ƙananan sanduna, kuma yake son cike tsagogin giranit da ruwan zafi ya bi ta ciki.

Kuskure na biyu bai cancanci dogon bayani ba, domin gaggawa ce kawai. Wani baƙin dutse ne da na duba da yamma a hasken fitila, na ga ɗan kore-kore a jikin ƙwayoyinsa. Da gari ya waye sai na ga ƙwayoyin dogaye ne, suna da lafiyayyun fuskoki masu walƙiya idan an juya su. Wannan honbilen ne, ɗaya daga cikin dangin amfibol. Daga ranar na daina yanke hukunci kan launi sai a hasken rana.

Amma wannan dutsen ya tilasta mini koyon abin da yanzu nake ganin shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya, wato yadda ma'adini ke tsagewa. Amfibol yana da layukan tsagewa biyu da ke haɗuwa a kusurwar digiri 56 da 124, don haka idan ka dubi ƙwayar ta kanta za ka ga siffa mai kama da yankan alkaki. Fairoksin shi ma layuka biyu gare shi, sai dai nasa sun kusa yin kusurwar bulo, digiri 87 da 93, ƙwayoyinsa kuma gajeru ne masu kauri. Olibin kuwa kusan ba shi da layin tsagewa da ido zai kama. Yana fashewa ne kamar gindin kwalba, da lanƙwasa da ƙyalli, ƙwayoyinsa kuma dunƙulallu ne kamar sukari mai manyan ƙwaya. Na shafe kusan mako biyu ina juya duwatsu a rana, madubi a ido, ina jiran fuskar da za ta haska gaba ɗaya a lokaci guda, domin wannan hasken shi ne shaidar tsaga. Ba zan ɓoye muku ba, bambanta kusurwar fairoksin da ta amfibol a ƙwayar da ba ta kai girman gero ba har yanzu yana ba ni wuya, kuma duk wanda ya ce muku abu ne na kwana ɗaya bai gwada ba.

Na ukun shi ne ya fi koya mini abu, domin kuskuren yana da ƙamshin gaskiya. Wani dattijo da ya daɗe yana harkar ma'adinai a kasuwa ya ba ni wani dutse mai duhun kore da ya ce daga wajen Anka aka kawo shi. Na san cewa a shiyyar Anka da Zuru akwai duwatsun da asalinsu daga can ƙasa suke, masu ƙarancin silika, irin waɗanda ya kamata a ce olibin ya cika su. Na yi murna har na fara shirin sanar da ku. Da na ɗora wuƙa sai ta shige shi cikin sauƙi, ta bar farin layi. A hannu yana da santsi kamar sabulu, ba shi da nauyin da na zata, kuma maganaɗisu yana ɗan kama shi. Na koma wurin dattijon na ce, "Baba, wannan dutsen naka ai wuƙa tana yankarsa." Ya yi dariya ya ce ai shi bai taɓa ce mini mai tauri ba ne. Safentin ne, kuma safentin olibin ne da ruwa ya canza. Idan ruwa ya ratsa dutse mai olibin a ƙarƙashin ƙasa, ma'adinin yana shan ruwan ya kumbura ya yi laushi, baƙin ƙarfen da ke cikinsa kuma ya ware ya zama maganatait, wanda shi ne ke jan maganaɗisun. Duwatsun wannan yanki namu tsofaffi ne ƙwarai, giranit ɗinmu ma ya kai kimanin shekara miliyan 600, olibin kuwa yana cikin ma'adinan da suka fi saurin lalacewa. Wato dai na iso gidan, amma mai gidan ya daɗe da tashi.

A nan dole in tsaya in yi wata magana. Duk dutsen da ya fito daga wuraren haƙar ma'adinai na Anka ko Bukkuyum, kada a daka shi a gida, kada a niƙa shi, kada kuma a lasa don a ga launinsa kamar yadda wasu ke yi. A jiƙa shi da ruwa kawai. Dukanmu muna tune da gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan wannan jiha saboda niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje. Ni a waje nake fasa dutse, da tabarau a idona, in wanke hannu kafin in shiga cikin iyali. Daji kuma, da halin tsaron da ake ciki, ban shiga ba, ban kuma ba kowa shawarar shiga ba.

Dutsen gaskiyar daga nesa ya zo. Wani ƙanena direban babbar mota da ke zuwa Borno ya kawo mini 'yan duwatsu daga Biu, inda tsofaffin duwatsu masu aman wuta suka shimfiɗa basal, baƙin dutse mai laushin ƙwaya da ƙananan ramukan iska. A cikin ɗaya daga ciki akwai dunƙule kamar girman goro, kore shar, ƙwaya-ƙwaya, kamar an cusa shi cikin baƙin dutsen da hannu. Na bi matakan a jere ba tare da gaggawa ba. Uwar dutsen baƙa ce, babu kwaz ko ɗaya. Ƙwayoyin suna karce gilashi. Babu fuskar da ta haska gaba ɗaya, sai fashewar kwalba. A gefen da ya sha iska da ruwa ƙwayoyin sun koma ja-ja kamar tsatsa, wanda shi ma hali ne na olibin idan baƙin ƙarfensa ya fara lalacewa. Na ɓalle wani yanki na dunƙulen na auna a ƙaramin sikelin masu sayar da zinariya, sannan na ɗaura masa zare na nutsa shi a kofin ruwan da ke kan sikelin ba tare da ya taɓa gindi ba, na raba nauyin farko da ƙarin nauyin da sikelin ya nuna bayan na nutsa shi. Lissafin, wato sau nawa dutsen ya fi ruwa mai girmansa nauyi, ya ba ni kusan 3.3, alhali giranit a wajen 2.7 yake tsayawa, safentin kuma ƙasa da haka. Irin wannan dunƙulen feridotait ne, guntun cikin ƙasa da narkakken dutse ya fizgo ya fito da shi da sauri kafin ya narke. A tsakanin ƙwayoyin olibin ɗin na ga wasu tsiraru masu koren ciyawa mai kauri, waɗanda nake zaton fairoksin ne mai kuromiyam.

'Yan'uwanmu na Birnin Kebbi da Argungu, ku duwatsun da ke ƙarƙashinku na kwantaccen yashi da laka ne, na kwarin Sakkwato, saboda haka neman olibin a can ɓata lokaci ne. Sai an gangara kudu wajen Zuru da Yauri ake shiga tsofaffin duwatsu masu tauri. Hanya mafi sauƙi ita ce a roƙi mai zuwa Biu ko tsaunukan Filato, wajen Panyam da Kerang, ya taho da basal.

Ƙa'idar da na dogara da ita tun farko, cewa olibin da kwaz ba sa haɗuwa, ita ma ashe tana da togaciya, kuma togaciyar a ƙasarmu take. Nau'in olibin mai zallar baƙin ƙarfe, wanda ake kira fayalait, yana narkewa ne a wajen digiri 1,200, kuma yana iya zama tare da kwaz lafiya lau. A kewayen garin Bauchi akwai wani dutse mai duhun kore da ke ɗauke da su biyun, wanda Farfesa Mosobalaje Oyawoye ya raɗa wa suna daga sunan garin, ake ce masa baucait. Fayalait ba shi da koren zaitun. Ya fi karkata ga ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi, don haka da madubin hannu kaɗai ba na jin zan iya raba shi da fairoksin. Wannan sai an yanka dutsen an goge shi har kaurinsa ya koma milimita 0.03, a ɗora a madubin ɗakin bincike, inda olibin ke nuna launuka masu kaifi da tsagogi marasa tsari. Na riga na aika wa wani abokina da ke aiki a Bauchi ya samo mini guntu biyu, ɗaya in fasa, ɗaya in ajiye tare da safentin ɗin Anka har ranar da zan samu wanda zai yanka mini su a sashen nazarin duwatsu na jami'a a Zariya.