Sinadari ɗaya, huhu iri biyu

Na shafe mafi yawan lokacin binciken digirina na biyu ina auna sinadarin VEGF, wanda jiki ke samarwa don raya jijiyoyin jini, a cikin kakin masu fama da cutar toshewar hanyoyin numfashi, wato COPD, kuma har yanzu raina yana ɓaci idan na tuna yadda samfuran suka iso mini daga asibiti. An rubuta wa kowace kwalba sunan cutar kawai. Babu bayanin ko mai ita tari da majina ne suka addabe shi, ko kuwa jakunkunan iskar huhunsa ne suka rushe.

Narkar da kakin da gwajin ELISA, wanda da shi ake auna yawan sinadarin, ba su ba ni wahala ba. Sakamakon ne ya ɗaure mini kai, domin wasu alƙaluman sun yi sama sosai, wasu sun faɗi ƙasa warwas, da aka haɗa su sai suka yi kama da na masu lafiya. Sinadaran gwajin da muka sayo da tsada suka ƙare, ga shi ba mu da abin nunawa.

Sai da na koma ɗakin adana fayiloli, na bi tarihin marasa lafiyar ɗaya bayan ɗaya tare da hotunan ƙirjinsu, sannan al'amarin ya fito fili. VEGF yana raya jijiyoyin jini. A bangon bututun iska mai kumburi yana yawaita, jijiyoyi su ƙaru, bango ya yi kauri, hanya ta ƙuntata. A cikin jakunkunan iska kuwa ƙarancinsa ne masifar, tun da a shekarar 2000 an nuna cewa idan aka toshe wurin da yake kamawa a huhun ɓeraye, ƙwayoyin halitta suna mutuwa, jakunkunan su rushe. A 2003 masu bincike a Japan sun ga wannan rabuwar a kakin mutane. Nau'i biyu masu saɓani aka zuba mini a kwando ɗaya, kowane ya shafe ɗan'uwansa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, da yawa daga cikin masu alƙaluma na sama mata ne da ba su taɓa kusantar sigari ba, sai dai shekaru a gaban murhun itace a madafa marar taga. Hayaƙin itace ya fi cin bututun iska fiye da jakunkuna, amma fom ɗin asibitin tambayar sigari kaɗai yake yi.

Ga duk wanda zai yi irin wannan aiki, ko a kan VEGF, ko TGF-beta mai haddasa tabo a ƙananan bututu, ko EGFR mai tunzura majina, kada ya karɓi kwalba ko ɗaya sai da sakamakon gwajin busa numfashi, da hoton ƙirji, da amsar irin makamashin da ake girki da shi a gidan. Ya kuma tsara fom ɗinsa da kansa kafin ya sayi sinadarin gwaji.